Bin Sawun Mary Wade: Kundin Aikin Tono Asalin Wani Iyali a Ostireliya

13 ga Janairu, 2025

Aikin da aka ɗora mana shi ne mu tabbatar, ko mu rushe, wata magana da wani iyali a jihar New South Wales ta Ostireliya suka gada kaka da kakanni: wai su tsatson Mary Wade ne, yarinyar da kotun Old Bailey ta Landan ta yanke wa hukuncin kisa a 1789, daga baya aka mayar da hukuncin kora, ta sauka Sidni a 1790 cikin jirgin Lady Juliana. Tsakanin 1788 da 1868 Birtaniya ta kwashi fursunoni kimanin 162,000 zuwa Ostireliya, wajen 25,000 daga cikinsu mata, amma kaɗan ne sunansu ya yi tashe kamar nata, balle tun 2008 da aka bayyana cewa Firaministan ƙasar na lokacin, Kevin Rudd, jininta ne. Wannan shahara wahala ce ga mai tono asali. Intanet cike take da bishiyoyin nasaba masu ɗauke da sunanta, wannan ya kwafi wancan, kuskure guda ya maimaitu har ya fara kama da hujja.

Don haka ba daga Mary za mu faro mu gangaro ba. Daga rayayyu za mu tashi mu yi baya, tsara bayan tsara, kuma ba a haɗa ɗa da uwa sai da takarda mai ɗauke da sunayen su biyun. Nasaba tamkar isnadin hadisi take: mutum ɗaya ya yi rauni a tsakiya, ruwayar duka ta raunana, komai ingancin na farko da na ƙarshe.

Mun kasa hujja gida uku. Hoton takardar asali, wadda aka rubuta a lokacin da abin ya faru, ita ce mataki na ɗaya. Kwafin da wani ya sake rubutawa, ko fihirisa, mataki na biyu. Bishiyar intanet da labarin baka suna mataki na uku, ana ajiye su don su nuna hanya, ba a gina komai a kansu. A jadawalin aikin kowane layi yana da suna daidai yadda aka rubuta shi ko da an yi kuskure, ranar takardar, wurin da take ajiye, lambarta, wanda ya ba da bayanin, da matakin hujja. Gurbin wanda ya ba da bayanin shi ne masu farawa suka fi tsallakewa, alhali shi ke faɗa maka nauyin abin da kake karantawa.

Ga fursuna kuwa, suna kaɗai ba ya isa. Sai abu uku sun haɗu: suna, jirgin da ya kawo shi, da wuri da ranar shari'a. Hukumar mulkin mallaka da kanta da sunan jirgi take tantance mutum har ya mutu.

27 ga Janairu

Tsara huɗu na baya-bayan nan sun zauna daram. New South Wales ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta gwamnati ranar 1 ga Maris, 1856, kuma takardunta sun fi na Ingila yalwar bayani nesa ba kusa ba. Takardar haihuwa tana ba da shekarun iyaye, garin da aka haife su, rana da wurin ɗaurin aurensu, da yaran da suka riga suka haifa. Takarda guda tana buɗe maka tsara biyu. Fihirisar ofishin rajista kyauta ce a intanet ga haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 50, da mutuwar da ta wuce 30. Takardar kanta sai an biya. In ba kotu za a kai ta ba, kwafin wakilan da ofishin ya amince su rubuto ya fi araha, kuma bayanin iri ɗaya ne.

A tsara ta biyar aka yi cak. Matar da iyalin ke cewa ita ce gadar da ta haɗa su da Mary ta yi aure a yankin Illawarra, kudu da Sidni, jim kaɗan bayan 1856, sunan gidansu Brooker, wato sunan mijin Mary, amma gurbin sunayen iyayenta a takardar auren fayau yake. Wannan sanannen ciwo ne: daga 1856 zuwa wajen 1895 limaman coci da yawa ba sa aika wa ofishin rajista shekarun ango da amarya, da garin haihuwa, da sunayen iyaye. Bayanin yakan kasance a littafin cocin da aka ɗaura auren. An aika neman hoton shafin daga ma'ajiyar ɗarikar. Kafin ya iso, za mu koma ɗaya bakin igiyar, wato Landan.

10 ga Fabrairu

Rubutattun shari'o'in Old Bailey daga 1674 zuwa 1913 suna intanet, kyauta. Shari'ar Mary Wade da abokiyar laifinta Jane Whiting tana cikin zaman da aka buɗe ranar 14 ga Janairu, 1789, shi ya sa lambarta ta fara da t17890114. A lura: shafin yana lakaba wa kowace shari'a ranar farko ta zaman kotun, ko da an saurare ta kwana biyu ko uku bayan haka. Saboda haka a jadawali muka rubuta "zaman 14 ga Janairu", ba "ranar 14" ba.

Tuhumar ita ce sun tare wata yarinya 'yar shekara 8, Mary Phillips, suka kai ta makewayi a harabar Baitulmali a Westminster, suka tuɓe mata 'yar rigar auduga da aka yi wa kuɗi sule uku, da mayafin kafaɗa na kwabo biyu, da hula ta kwabo biyu. Jimla sule uku da kwabo huɗu. Rigar aka kai jingina a kan sule da sisi. Wanda ya san tsohon kuɗinmu ba zai sha wahalar lissafin ba, kwabo 12 sule, sule 20 fam.

Tambayar da iyalin suka fi nanatawa ita ce yaya aka yi kayan sule uku suka jawo hukuncin rataya. Ba darajar kayan ce ta jawo ba, nau'in tuhumar ne. Da sata kawai aka ce, abin da ya kai kwabo 12 zuwa sama yakan ƙare a kora ta shekara 7, ko bulala, ko ɗauri. Amma an shigar da ƙarar a matsayin fashi, wato karɓe kaya daga jikin mutum da ƙarfi ko tsoratarwa, kuma a dokar lokacin fashi hukuncinsa kisa ne ko kwabo ɗaya aka ƙwace. Duk mai karanta irin waɗannan shari'o'i ya fara duba kalmomin tuhuma kafin ya kalli farashin kaya. A satar kanti iyakar kisa sule 5 ce, a satar cikin gida sule 40, shi ya sa za ka ga masu taya alƙali yanke hukunci suna rage darajar kaya zuwa sule 39 don su ceci wuyan wanda ake tuhuma. A fashi babu wannan ƙofa.

Abu biyu game da rubutun kansa. Ba rikodin kotu ba ne kalma da kalma. Ɗan kasuwa ne ke bugawa yana sayarwa, daga abin da mai saurin rubutu ya kama, kuma an fi datse maganar mai kare kansa. Sannan tsohon bugu yana da doguwar "s" mai kama da "f", don haka in wata kalma ta yi bambarakwai a kwafin kwamfuta, a buɗe hoton shafin asali da ke gefe.

Wuraren da kada a ɓata lokaci a kansu a wannan shari'a: rajistar masu laifi ta Middlesex, lardin da Westminster ke ciki, jerin takardu mai lamba HO 26 a Ma'ajiyar Ƙasa da ke Kew, daga 1791 ta fara, shekara biyu bayan an gama da Mary. HO 27 ta sauran lardunan Ingila daga 1805. Takardun neman afuwa na HO 17 daga 1819. Abin da ya shafi shekararmu shi ne HO 47, rahotannin alƙalai tun daga 1784, da HO 13, littattafan da ake kwafe umarnin afuwa a ciki tun daga 1782.

3 ga Maris

Mary Wade biyu ce ke takarar zama tamu, kuma nan ne bishiyoyin intanet suka rabu gida biyu.

Binciken zuriyarta na shekarun 1980 ya tsaya a kan wadda aka haifa ranar 5 ga Oktoba, 1777 a Southwark, aka yi mata baftisma a cocin St Olave, 'yar George Wade da Mary English. Binciken da aka yi daga baya ya karkata ga wadda aka haifa ranar 17 ga Disamba, 1775 a unguwar cocin St Margaret ta Westminster, 'yar Lawrence Wade da Mary Smith. In ta farko ce, shekararta 11 a gaban alƙali. In ta biyu ce, 13.

Hujjar ta biyun ta fi nauyi a ma'auninmu. Laifin a Westminster aka yi shi, mai jinginar a Westminster yake, uwar da ta tsaya a kotu watan Disamba ta ambata game da shekarun 'yarta, kuma takardar mutuwar Mary ta 1859 Westminster ta ce. Southwark tana ƙetaren kogin Thames. Ba wai talaka ba ya ƙaura ba, gadar Westminster tana nan tun 1750, amma wanda ya ce iyalin sun ƙaura shi zai kawo takarda. Abin da ya ɗaga ta Southwark tun farko bai wuce dacewar suna da shekarun da ake tsammani ba, a zamanin da ba a iya bincika rajistar dukkan cocin Landan a zama ɗaya. Wanda ya duba rajistar unguwa ɗaya kawai Mary ɗaya zai gani, ya ɗauka ita kaɗai ce a duniya.

Hanyar rufe wannan magana ita ce a kashe ɗaya daga cikin 'yan takarar, wato a samo ta Southwark tana aure ko an binne ta a Ingila bayan Yuli 1789, lokacin da tamu ke kan teku. An sa wannan a jerin aiki. Haka nan ranar 17 ga Disamba ta zo sau biyu, haihuwa a 1775 da mutuwa a 1859. Yana iya zama dacewa ce kawai, amma irin wannan daidaito ba a karɓarsa daga bishiyar wani, sai an ga hoton shafin baftismar da ido.

Maganar da ake yawan yi cewa ita ce fursuna mafi ƙanƙanta da aka taɓa kaiwa Ostireliya ba za ta shiga rahotonmu ba. John Hudson, yaro mai share bututun hayaƙi, yana da shekara 9 aka yanke masa hukunci a 1783, kuma yana cikin ayarin jirage na farko da ya kai fursunoni Ostireliya a 1788.

24 ga Maris

Hukuncin kisan ba barazana ba ce ta fatar baki. Mary tana tsare a kurkukun Newgate ranar 18 ga Maris, 1789, lokacin da aka rataye Catherine Murphy a ƙofar gidan kan laifin buga jabun kuɗi, sannan aka ƙona gawarta, mace ta ƙarshe da aka yi wa haka a Ingila. A watan Afrilu aka sauya wa matan da ke jiran rataya hukunci zuwa kora, na Mary har ƙarshen rayuwa. Labarin da ya yaɗu shi ne an yi hakan don murnar warkewar Sarki George na Uku daga taɓin hankali, kuma lokacin ya dace, don an yi addu'ar godiya a cocin St Paul ranar 23 ga Afrilu. Sai dai akwai dalilin da ya fi wannan kusa da ƙasa: Newgate ta cika maƙil, sabon mazaunin Sidni kuma maza sun ninka mata kusan sau uku a cikin fursunonin farko, ga jirgi an riga an yi haya. A rahoto za mu kawo duka biyun. Ba a cikin shari'ar Janairu ake samun sauyin hukuncin ba, a ƙarshen rubutun zaman kotu na Afrilu yake, inda ake jera waɗanda aka yi wa tayin afuwa bisa sharaɗi. A nan za ka ga wasu matan ma sun ƙi tayin da farko, suka ce gara mutuwa.

Lady Juliana ya bar Plymouth ranar 29 ga Yuli, 1789 da mata fiye da 220, ya yada zango a Tenerife, Cape Verde, Rio de Janeiro da Cape Town, ya shiga Port Jackson, tashar ruwan Sidni, ranar 3 ga Yuni, 1790. Kwana 309, mutum 5 suka rasu a hanya. A bincika sunan jirgin ta siga biyu, Juliana da Julian, don ma'aikacin jirgin John Nicol, wanda labarinsa ya fito a 1822, Julian ya kira shi, wasu fihirisoshi kuma suka bi shi. Labarin Nicol yana da amfani ga yanayin tafiyar, amma tsoho ne ke tuna abin da ya wuce shekara 30, mataki na biyu muka ba shi.

Fihirisoshi da dama suna cusa Lady Juliana cikin ayarin jiragen fursunoni na biyu, sai jikoki su karanta bala'in jiragen Neptune, Scarborough da Surprize su ɗauka kakarsu ta sha shi. Kwangilar daban ce. Waɗancan ukun, da suka iso ƙarshen Yuni 1790, kamfanin Camden, Calvert da King ne ya ɗauke su, 'yan fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, kuma ana biyansu kan kowane kai da aka loda, ya isa da rai ko bai isa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin suka mutu a teku.

Babu littafin likitan jirgi da za a nema a ADM 101, jerin littattafan likitocin sojan ruwa a Ma'ajiyar Ƙasa da ke Kew. Na jiragen fursunoni sun fara ne bayan 1815, lokacin da aka wajabta sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi. Jerin fursunonin jirgi na wannan zamani ma ƙarami ne: suna, wurin shari'a, rana, tsawon hukunci. Tsayi, launin ido, tabo da garin haihuwa sai daga baya aka fara rubuta su. Wanda kakansa ya zo a shekarun 1830 zai sami kamanninsa har da zanen jiki. Mu ba mu da wannan gata.

14 ga Afrilu

Tsibirin Norfolk, kimanin kilomita 1,600 daga Sidni. Yunwa ce ta kai Mary can. Jirgin kayan abinci Guardian ya yi karo da dutsen ƙanƙara a Disamba 1789, jirgin Sirius ya farfashe a gaɓar Norfolk ranar 19 ga Maris, 1790, sai Gwamna Arthur Phillip ya rage bakunan da ke Sidni ta hanyar tura mata kimanin 150 a cikin Surprize. Sun sauka ranar 7 ga Agusta, 1790.

Takardun wannan zango su ne mafi rauni a duk salsalar. Babu limamin coci mazauni a shekarun farko. Rabaran Richard Johnson ya ziyarci tsibirin a Nuwamba 1791, ya ɗaura aure da yawa, ya yi baftisma, amma rajistar ba ta tsira ba. Abin da ya maye gurbinta shi ne littafin rabon abinci na 1792 zuwa 1796, inda ma'aji ke rubuta duk wanda ke cin abincin gwamnati, maza daban, mata daban, yara daban, da ranar da aka sa mutum da ranar da aka cire shi. Jariri yana shiga littafin ne da sunan gidan uwarsa, ba na uba ba. Don haka Sarah, wadda aka haifa a 1793, da William da ya biyo ta, a ƙarƙashin Wade ake neman su. Littafin ma'aji ne, ba ruwansa da wane ne uban wane, buhun gari yake lissafawa.

Maza biyu ne a rayuwarta: Teague Harrigan, da Jonathan Brooker wanda ya iso a jirgin Atlantic a 1791. Edward, da aka haifa a Sidni a 1803, sunan Harrigan ya ɗauka. William ya girma da sunan Brooker, kuma zuriyar ta daɗe tana jayayya kan ko ɗansa ne ko agola. Sunan da yaro ya tashi da shi a wancan wuri yana nuna gidan da ya ci tuwo ne kawai.

Gargaɗi game da jerin matan da Rabaran Samuel Marsden ya tsara a 1806: kowace mace ko dai "matar aure" ce ko "ƙwarƙwara" a wurinsa, kuma auren da aka ɗaura a cocin Ingila kaɗai ya yarda da shi. Matan da suka shekara goma da miji ɗaya da 'ya'ya sun faɗa kashi na biyu. Ana amfani da jerin don sanin wa ke zaune da wa, da yara nawa. Hukuncinsa kan halin matan a bar masa kayansa.

19 ga Mayu

Mary ta sami takardar 'yanci a 1812, ta auri Jonathan Brooker a Fabrairu 1817, bayan sun riga sun tara 'ya'ya. Jinkirin ba abin mamaki ba ne. Abin da ya tura irin waɗannan ma'aurata coci shi ne sanarwar Gwamna Lachlan Macquarie ta Fabrairu 1810, wadda ta ja kunne cewa macen da ke zaman da ba aure ba ba ta da gadon mijin in ya mutu bai bar wasiyya ba. Da zarar an mallaki gona, maganar ta zama ta gaske. Tunda dukansu 'yantattu ne a 1817, ba sa bukatar izinin gwamna, saboda haka babu amfanin tona takardun neman izinin aure na fursunoni.

Kuskure biyu da muka tsinta a bishiyoyi da dama. Liverpool ɗin auren ta New South Wales ce, wadda Macquarie ya kafa a 1810, amma manhajar bishiya takan cike gurbin da Liverpool ta Ingila, sai ga Mary ta koma gida ta yi aure ta dawo. Na biyu, ana manna hoton ginin cocin St Luke a matsayin wurin ɗaurin auren, alhali a 1818 aka aza harsashinsa. Auren yana cikin rajistar St Luke, ginin bai wanzu ba tukuna.

Rajistar coci ta kafin 1856 tana cikin fihirisar ofishin rajista, lambobinta suna farawa da V, sai shekara, lambar shigarwa, da juzu'i. Juzu'an suna kan maikurofim a manyan ɗakunan karatu na jihar. Abu ɗaya yakan fito da lamba biyu, don an kwafe shi a juzu'i biyu. Kada a mayar da shi yara biyu.

Ƙidayar Nuwamba 1828 ita ce kaɗai ta jihar da ta tsira cikakkiya daga wancan ƙarni. Tana ba da suna, shekaru, jirgi, shekarar isowa, hukunci, addini, sana'a, mazauni, eka da dabbobi. Gajerun alamominta: BC haifaffen ƙasar, CF ya zo da 'yancinsa, FS ya gama wa'adi, TL mai takardar sassauci, CP afuwa mai sharaɗi, AP cikakkiyar afuwa, GS mai kan wa'adi. A nemi Mary a ƙarƙashin Brooker, a gwada Booker da Broker ma. Dutsen da ake kira Brokers Nose a bayan garin Corrimal na yankin Illawarra da wannan iyali ake danganta sunansa, ka ga har taswira ta haɗiye harafi guda.

9 ga Yuni

Jonathan ya rasu a 1833, aka binne shi a Campbelltown. Mary ta kai 17 ga Disamba, 1859, ta rasu a Fairy Meadow kusa da Wollongong. Da yake bayan 1856 ne, tana da cikakkiyar takardar mutuwa, abin da yawancin matan Lady Juliana ba su samu ba. Amma a raba takardar gida biyu. Ranar mutuwa, wuri da binnewa shaidar gani da ido ce, mataki na ɗaya. Garin haihuwa, iyaye da shekaru kuwa daga bakin ɗa ko jika suka fito, mutumin da bai taɓa taka Landan ba, yana faɗar abin da ya ji game da shekara 80 da suka shuɗe. Hujja ce, amma mai neman mataimaki.

Batun 'ya'ya 21 da ake maimaitawa ko'ina: waɗanda aka san sun girma har suka hayayyafa 7 ne, kuma haihuwar da ke da takarda ta faro daga 1793 zuwa wajen 1814. A cusa 21 cikin wannan tazara sai dai haihuwa kowace shekara ba hutu, ko tagwaye a jere. Za mu rubuta 7 a matsayin tabbatacce, 21 a matsayin abin da ake faɗa. Haka ma zuriya 300 da aka ce ta bari a raye. Ƙidaya ce da za a iya gwadawa, amma ba aikin da aka ba mu ba ne.

Jaridar Illawarra Mercury ta fara fita a 1855, tana Trove, shafin Ɗakin Karatu na Ƙasa. Rubutun da na'ura ta karanto daga tsohuwar jarida cike yake da kurakurai, don haka in suna bai fito ba, a buɗe fitowar makon a bi ta shafi-shafi. Kuma kada a sa ran ganin kalmar fursuna a ta'aziyya. Har tsakiyar ƙarni na 20 abin kunya ne, "tsohuwar mazauniya" ake cewa a wuce.

7 ga Yuli

Hoton littafin cocin ya iso, kuma gurbin da ke fayau a takardar gwamnati cike yake a nan: akwai sunan uban amarya da na uwarta. Sunan uban ya yi daidai da na ɗaya daga cikin 'ya'yan Mary maza. Bai isa a rufe fayil ba, don a Illawarra ta shekarun 1840 'yan'uwa suna maimaita sunaye ɗaya, William, John, James, Mary, kuma jika na iya ɗauke da sunan baffansa. Sunan uwar amaryar ne zai raba gardama: a samo aurenta a juzu'an V, a samo baftismar amaryar da sunayen iyaye biyun, sannan a duba ko sunanta yana cikin 'ya'yan da aka jera a takardar mutuwar uban. Uku ɗin suka yi daidai, gadar ta tsaya. An ba da odar takardar mutuwar.

Iyalin sun tambaya ko gwajin DNA zai gajarta hanya. Zai taimaka, ba zai maye gurbin takarda ba. Daga kaka ta tsara ta shida, abin da mutum ke gada a matsakaici kashi 1 cikin 64 ne, ta bakwai 1 cikin 128, kuma yana iya zama babu ko kaɗan. 'Yan'uwan da suka haɗa kaka a tsara ta biyar, kusan rabinsu ne kawai gwajin ke nuna alaƙarsu. Saboda haka mafi tsufa a gidan za a fara gwadawa, don kowace tsara rabi take zubarwa. Wata matsalar ita ce auren zumunci: zuriyar Brooker, Harrigan da maƙwabtansu sun yi ta auren juna a yanki ɗaya, sai alaƙar ta fito da girma fiye da gaskiyarta, ko ta biyo ta wani reshe daban. Kowane wanda gwajin ya haɗa mu da shi, sai an bi tasa salsalar da takarda kafin a lissafa shi.

Ga tambayar uban William, gwajin da ya dace shi ne na ƙwayar Y, wadda ke bi daga uba zuwa ɗa. Ana bukatar maza uku: ɗaya daga zuriyar William ta maza zalla, ɗaya daga ta Edward Harrigan, ɗaya daga ta ƙannen da aka haifa bayan Mary ta zauna da Brooker. Alamomi 37 sun isa nuna ko layi biyu ɗaya ne ko daban. Wannan zai zama dole ne kawai in takardar mutuwar da muke jira ta nuna ta kan William iyalin suka biyo, don haka ba a sayi kayan gwajin ba tukuna. A ɓangaren Landan, an fara bin rajistar binnewa ta St Olave daga 1777 zuwa gaba, shekara bayan shekara.